Yadda na gyara matsalar kariyar ƙwauri ta wasan hoki na ƙanƙara

Alhamdulillahi, mun huta. Ɗana da ke karatu a Kanada ya shiga hoki na ƙanƙara, na yi masa odar kariyar ƙwauri daga nan Abuja, inci 15. Kullum sai ta goce daga gwiwa. Ya naɗa tef, ya sake safa, a banza. Laifina ne, da tsayinsa na kintata.

Ta kiran bidiyo na sa ya saka takalmin wasan, ya zauna a kujera, gwiwa a lanƙwashe, ya auna daga tsakiyar ƙoƙon gwiwa zuwa bakin takalmin: inci 14. Ashe tsawon kariyar ne ke tokare takalmin, yana turo ta sama. Tunda a waje yake barin harshen takalmin, ba ƙarƙashin kariyar ba, 14 muka saya. Gwiwa ta zauna daram.