Kurakuran da muke yi wajen gina buɗaɗɗun kayan aikin rubuta kod

'Yan uwa masu rubuta kod na Samaru da Kongo, akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Muna son gina kayan aikin da wasu masu firogramin za su ɗauka kyauta, amma sai mu fara ta inda bai kamata ba.

Babban kuskure a ciki shi ne mu yi ta ƙara sabbin abubuwa alhali ba wanda zai iya saka manhajar a kwamfutarsa. Satin da ya wuce wani ƙanena ya zo min da laftof, wata uku yana gina wani abin gwada kod, na ce to bari in sauke a tawa in gani, wallahi awa biyu muna fama ashe sai an fara saka wasu abubuwa huɗu da suke cikin kansa kawai bai rubuta ko'ina ba, har cajina ya ƙare ga ba wuta. Na ce masa ƙanena dakata da ƙari, rubuta README tukuna, wato fayil ɗin bayanin manhajar: me abin yake yi, ya ake saka shi, da misali ɗaya da zai tashi. Sannan ka miƙa wa abokinka ya gwada kai kuma ka ja bakinka ka yi shiru, duk inda ya maƙale to nan gyaranka yake.

Sai lasisi. Ɗora kod a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, ba shi ne buɗe shi ba fa. In ba lasisi, a doka kai kaɗai ke da haƙƙinsa, kamfani mai hankali ba zai taɓa ba. Zaɓi lasisin MIT in kana so kowa ya yi yadda ya ga dama muddin ya bar sanarwar haƙƙinka, lasisin GPL in kana so wanda ya gyara ya raba shi ma ya buɗe nasa. Aikin minti biyar ne.

Akwai kuma jibgo laburaren wasu, wato kod ɗin da suka riga suka rubuta, a kan abin da za ka iya rubutawa da kanka. A 2016 mai wata ƙaramar laburare, left-pad, ya cire ta daga npm, rumbun da ake sauke laburaren JavaScript, layi 11 ce kacal, amma manyan ayyukan da suka dogara da ita suka tsaya cak. Mu nan ma ka tausaya wa mai sayen data, ga netwok yana zuwa yana ɗaukewa.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne riƙe komai kai kaɗai. Dubi xz, manhajar matse fayil, mai kula da ita ya gaji, wani ya lallaɓo yana taimako kusan shekara biyu har aka yarda da shi, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a cikin kod ɗin, sai a Maris 2024 wani injiniyan manhaja mai suna Andres Freund ya gano. Tun aikin yana ƙarami ka sa gwajin da zai riƙa gudu da kansa, ka samo mutum na biyu da ka sani ido da ido, kada gyara ya shiga sai ya duba, ko da naka ne.