Yadda zaka gane gajerun haruffan da ke jikin zanen gini da takardun kwangila

Duk wanda ya taɓa riƙe zanen gini a karon farko ya san halin da ake shiga, ka buɗe takarda ka ci karo da FFL, DPC, NTS, Y12@200 c/c, ga magini a tsaye yana jiran ka ce wani abu tunda kai ne mai aikin, kai kuma sai gyaɗa kai kake kamar ka gane. Toh ba sai ka haddace su duka ba. Ka dai san inda zaka fara dubawa, da waɗanda in aka kuskure su ko aljihunka ko ginin ne zai ji a jikinsa.

Fara da akwatin nan da ke ƙasa ko gefen dama na takardar. A nan ake rubuta sunan aikin, lambar zane, ma'auni, da kuma Rev, wato karo na nawa aka yi wa zanen gyara. In kana riƙe da Rev C shi kuma birkila yana aiki da Rev A, kun riga kun rabu a hanya. Ma'auni 1:100 na nufin santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. In ka ga NTS kuwa ba a zana shi bisa ma'auni ba, kar ka ɗora rula ka auna, lambar da aka rubuta zaka bi. Lambobin kuma galibi milimita ne, 3600 mita 3.6 kenan.

Sai tsayi. NGL shi ne asalin fuskar ƙasar filin kafin a taɓa ta, SSL saman kankaren daɓe ko na bene (decking), FFL kuma inda ƙafarka zata taka bayan an gama sa tayil. Ɗan tazarar da ke tsakanin biyun ƙarshen nan ita ce aka bar wa siminti da tayil, in aka manta da ita sai an zo sa ƙofa a ga tana goga ƙasa. DPC shimfiɗa ce da ake sawa a bango don hana danshi hawowa, yawanci aƙalla milimita 150 sama da fuskar ƙasa, DPM kuma ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba kankaren daɓe.

Yanzu mu zo kan rodi, nan ne gaskiya nake so ka nutsu domin in an zuba kankare an rufe shi kenan, babu mai sake ganinsa. Harafin farko nau'in ƙarfen yake faɗa, Y ko T ko H rodi ne mai ƙarfi mai zane a jiki, R kuma sumul ɗin nan mai laushi. Lambar da ke biye kaurinsa ne a milimita. Kenan 4Y16 a jikin fila, wato ginshiƙi, yana nufin rodi huɗu masu kaurin milimita 16. Shi kuma Y10@200 c/c, rodi mai 10 ne za a jera, milimita 200 tsakanin kowanne, kuma c/c ɗin nan daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na gaba ake aunawa. T da B in sun zo a ƙarshen layi sama da ƙasa suke nufi. Ni dai shawarata, kafin a zuba ka ɗauki tef ka je da kanka ka auna wuri uku huɗu, domin mayar da 200 ya zama 300 ba ya ɗaukar ido amma rodi da yawa ya ragu a ginin.

RC kankare ne mai rodi a ciki. C25 ƙarfinsa ne bayan kwana 28 da zubawa, 1:2:4 kuma haɗi ne, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. MEP ya haɗa aikin injina da lantarki da famfo, DB akwatin raba wuta, WC masai, PPE kayan kariya, su hular kwano da takalmi da safar hannu. D1 da W1 lambar ƙofa da taga ce, akwai jadawalinsu daban.

A ɓangaren kuɗi uwar takardu ita ce BOQ, jerin duk aikin da za a yi da yawansa da farashinsa, QS ne ke haɗa ta, wato mai ƙididdigar kayan gini. A ciki m² faɗi ne kamar filasta da fenti, m³ na abin da ake zubawa ko haƙawa, LS kuma kuɗi ne dunƙule ba a auna ba, shi ya sa in LS ya yi yawa a takarda sai ka tambayi me da me ke ciki. VO takardar canjin aiki ce, ko taga ɗaya ka ce a matsar a rubuta a sa hannu kafin a taɓa, maganar baki ita ke haddasa rigima ranar lissafi. IPC takardar biyan ɗan kwangila ce kan abin da ya gama zuwa yanzu, EOT ƙarin wa'adi, DLP kuma lokacin da zai dawo ya gyara duk abin da ya ɓaci bayan miƙa gini, galibi wata shida zuwa shekara, a lokacin ne ake riƙe masa wani kaso na kuɗinsa.

Wani abu kuma, gajerun haruffa iri ɗaya kan ɗauki ma'ana biyu. PC a zanen injiniya kankare ne da aka zuba a wani wuri aka kawo, a BOQ kuma kuɗin da aka ware don wani kaya ko aiki na musamman. In ka ci karo da irin wannan ka duba jerin fassarar alamomi da ke shafin farko na zanen, in babu sai a tura RFI, takardar neman ƙarin bayani, zuwa ga wanda ya yi zanen, a sa kwanan wata, a ajiye amsar tare da zanen.