Kafin ka maida tsohon Python 2 zuwa 3

Ɗan uwa, in aka damƙa maka tsohon aikin Python 2, kada ka taɓa komai tukuna. Fara kunna shi haka: python2 -3 fayil.py

Zai yi maka gargaɗi kan abubuwan da suka canza a Python 3. Mugun cikinsu rabawa ce. A Python 2, 5/2 yana ba da 2, a Python 3 kuma 2.5. Babu wani kuskure da zai fito, lissafi ne zai karkace shiru. 2to3 ma, wato manhajar da ke maida Python 2 zuwa 3 da kanta, ba ta gyara wannan. Ni kwana biyu na ɓata ina neman inda rasit ya samo rabin kwali.

Amma fa a batun rabawa, layin da ya gudana kaɗai python2 -3 yake gani. Reshen if ɗin da bai shiga ba, sai ka bi da ido.