Abin da Zai Maye Gurbin Tsimammen Tattasai Mai Zaƙi a Girki

Sau da yawa mai girki yakan tarar an ce a zuba tattasai mai zaƙi wanda aka tsima a ruwan khal, irin wanda ake sayarwa a kwalba, alhali babu shi a gida, kuma ba kowace kasuwa ake samunsa ba. Mafi shahara a cikinsu shi ne Peppadew na Afirka ta Kudu, ɗan ƙaramin ja mai kama da ƙaramin tumatir, wanda yajinsa bai taka kara ya karya ba. Kafin a nemi madadinsa, ya kamata a gane cewa abubuwa huɗu yake kawowa a abinci, wato zaƙi da tsami da ɗan yaji da garas-garas a baki, don haka sai a duba wanne ne abincin ya fi buƙata.

A ganina, babu madadin da ya kai a tsima shi da hannu, domin aikin bai wuce na minti 20 ba. A samu manyan jajayen tattasai guda 3 masu kaurin jiki, a cire 'ya'yan da farin ɓargon da ke ciki, a yanka su sala-sala a zuba a kwalba mai tsabta. A tukunya kuma a haɗa kofi 1 na ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, da kofi 1 na ruwa, da rabin kofi na sukari, da babban cokali 1 na gishiri, a ɗora a wuta har sukarin ya narke ruwan ya fara tafasa. Sai a juye shi da zafinsa a kan tattasan har ya rufe shi, a jefa tafarnuwa ƙwaya 2 idan ana so. Kada a dafa tattasan a cikin ruwan, domin zai saki jiki ya yi laɓe-laɓe, garas-garas ɗin da ake nema ya tafi. Bayan awa 1 za a iya ci, amma wanda ya kwana ya fi daɗi nesa ba kusa ba, saboda ruwan ya ratsa shi har launin ruwan ya koma jaja-jaja. Wannan haɗin na firji ne kawai, kuma a cinye shi cikin mako 2, domin ba a rufe shi yadda masana'anta ke yi ba.

Idan abincin na dafawa ne, kamar miyar taliya ko naman da za a soya, wahalar tsimi ba ta da amfani, tunda wuta za ta tausasa komai. A soya ɗanyen tattasai, a yayyafa ƙaramin cokali 1 na sukari ko zuma, sannan a ɗiga ruwan khal ko lemun tsami daf da saukewa, domin ƙamshinsu yana gudu idan suka daɗe a wuta.

Daga cikin na kwalba, gasasshen jan tattasai, irin su piquillo na Sifaniya, yana da zaƙi da ƙamshin hayaƙi, amma ya yi laushi kuma tsaminsa kaɗan ne, sai an jiƙa shi minti 15 a ruwan khal da sukari. Pimento, wani jan tattasai mai zaƙi na kwalba, shi ma haka yake. Pepperoncini kuwa, wani ɗan tsimammen tattasai mai launin kore-kore, yana da tsami da garas-garas, zaƙi ne ya yi masa ƙaranci, don haka a tsiyaye ruwansa a barbaɗa sukari kafin a sa shi a salak ko sanwic.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen yaji. A ma'aunin Scoville, wanda ake auna ƙarfin yaji da shi, babban tattasai mai zaƙi sifili ne, jalapeno, wani barkono na ƙasar Meziko, yana tsakanin 2,500 da 8,000, attaruhu kuma yakan haura 100,000. Wanda ya zuba tsimammen jalapeno daidai adadin da aka faɗa na tattasai zai ɓata abincin, saboda haka a fara da kashi ɗaya cikin huɗu, a cike sauran da ɗanyen tattasai. Attaruhu kuwa siririn yanki ɗaya ya ishi kwalba guda, kuma a tsame shi da zarar an ɗanɗana an ji yajin ya yi daidai.