Kurakuran da baƙinmu ke yi in sun zo Kakum da Cape Coast

Shekarata tara ke nan a Akra, a Nima nake zaune, kuma duk wanda ya zo daga gida, daga Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, da ya gama abin da ya kawo shi sai ka ji ya ce "Alhaji a kai mu gadar nan ta kan bishiya da muke gani a Facebook mana." Gadar dajin Kakum yake nufi. Na raka mutane har na daina ƙirga, kuma wallahi kurakuran iri ɗaya ne kamar an haɗa baki, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in tura masa in huta.

Babban cikinsu shi ne tasowa daga Akra da safe da niyyar a komo a ranar. Mutum zai duba waya ya ga Akra zuwa Cape Coast kilomita wajen 150 ne, daga can zuwa Kakum kuma kamar 30, sai ya ce ai bai kai Kano zuwa Kaduna ba. To wayar ba ta gaya maka gosulon Kasoa ba. Ni ma haka na yi a zuwana na farko, da kawuna da matarsa na je, ranar Asabar, muka tsaya karyawa da shiri sai ƙarfe 8 muka bar gida, ba mu ga ƙofar Kakum ba sai da azahar ta yi, muka tarar da motocin 'yan makaranta jere reras da na 'yan coci, yara ko'ina suna ihu, aka ba mu lamba muka zauna jiran layi fiye da awa ɗaya. Kuma abin da ba wanda ke gaya maka, kafin ka kai ga gadar sai ka hau tudu a ƙafa, matakalar duwatsu ce cikin daji, ga zafin nan mai ɗanshi wanda ba irin namu na arewa ba ne, ba iska, gumi kawai ke tsiyaya har cikin takalmi. Kawu da babbar rigarsa ta shadda mai sitaci! Sau uku yana tsayawa. Muna hawa gada ta biyu sama ta haɗo aka tsuge da ruwa, yaran da ke bayanmu suna ta tsalle gadar na lilo, Hajiya ta riƙe igiya ta ƙame tana ta Innalillahi ta ƙi gaba ta ƙi baya. Mun dawo Akra sha ɗayan dare ta wuce, ko gidan tarihi ɗaya ba mu shiga ba, kuɗin shatar mota ya tafi a banza, kuma har yau in an taru a gida sai Kawu ya tayar da zancen ya ce ni na kai shi daji in kashe shi.

Tun daga ranar ga yadda nake yi, kuma ba na sauraron shawarar kowa a kai. Mu kwana a Cape Coast ko Elmina, mu yi asuba, mu sha koko da ƙosai mu kama hanya, mu zama cikin mutanen farko da za su hau. Tsakiyar mako, Talata zuwa Alhamis. Wanda ya ce shi sai Asabar yake da lokaci ina ba shi lambar direba in yi masa fatan alheri.

Ita gadar, gadoji 7 ne aka ɗaure daga wannan bishiya zuwa waccan, tsawonsu duka ya haura mita 300, wani wurin tsakaninka da ƙasa ya kai mita 30 ko fiye, tun 1995 aka buɗe ta. Katako ne siriri a ƙarƙashin ƙafarka, raga a gefe da gefe har wajen ƙirji. In kana da tsoron sama ka faɗa wa ɗan rakiya tun a ƙasa, akwai gajeriyar hanyar fita bayan gada ta farko, ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne ka yi shiru don kar mata su raina ka sannan ka tsugunna a tsakiya ka tare wa mutum talatin hanya.

Silifas kar a sa, ƙafa-ciki mai riƙe ƙasa ake sawa. Waya a riƙe ta da kyau ko a rataye ta a wuya, in ta faɗi ta zama ta daji.

Sai masu zuwa da tunanin Yankari. "Alhaji ina giwayen?" Akwai giwa a Kakum, giwar kurmi ce, ta fi ta fili ƙanƙanta, akwai birai iri-iri da tsuntsaye sama da kala 200, amma kurmi ne mai duhu, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 350, dabba na jin hayaniyarku tun daga nesa ta yi gaba. A duk zuwana ban taɓa ganin giwa ba ko sau ɗaya. Mai son giwa ido da ido ya tafi Mole a arewacin Gana. A nan bishiyoyi za ka gani waɗanda sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, da malam-buɗe-littafi masu launin da ba ka taɓa gani ba, in ka yi sammako kuma ka yi shiru ka ji kukan tsuntsaye. Ni ya ishe ni. Mai son ƙari ya nemi yawon ƙafa da ɗan rakiya, ko ya kwana a ɗakin kan bishiya da suke da shi a ciki. Kada kuwa akwai su a tafkin Hans Cottage a kan hanyar komawa Cape Coast, yara suna son wurin.

Yanzu bari in zo kan wanda in na tuna har yanzu gabana faɗuwa yake. Teku. Jama'a don girman Allah teku ba dam ɗin Tiga ba ne! Ɗan yayana, saurayi ne ɗan shekara 19, tun a mota yake cika baki wai shi a kogi ya tashi ba ruwan da zai ba shi tsoro, muka sauka bakin ruwa da yamma ina can ina cinikin kwakwa, na juyo na ga ya tuɓe riga ya shiga. Ruwan bai wuce ƙugunsa ba fa. Kafin in ce kai dawo, na ga yana nisa, yana ta iyo wajenmu amma baya yake yi, kansa na nutsewa yana fitowa, ni ban iya ruwa ba sai ihu nake ina gudu a yashi kamar mahaukaci. Wasu masunta Fante biyu da ke gyaran koma ne suka faɗa suka jawo shi, ya yi ta aman ruwan gishiri, ni kuma ina tsaye ina tunanin da wane baki zan kira uwarsa. Gaɓar nan tana da wata irin igiya mai jan mutum zuwa cikin teku, ruwan da ya bugo gaɓa ne yake tattaruwa ya koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske, a ido wurin ma ya fi ko'ina kwanciya, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Masuntan suka ce in ta ɗauke ka kar ka yi kokawa da ita, ka yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓar, har ka fita daga cikinta. To wannan na masu iya ruwa ne. Dokata ni, wanda ya biyo ni ruwa ba ya wuce masa gwiwa, ko shi waye, ko ya girme ni, in ya ƙi ji ya nemi motar komawa da kansa. Ana cewa na cika tsanani, na yarda.

Gidajen tarihin kuma, na Cape Coast da na Elmina, wato tsofaffin gine-ginen Turawa inda ake tsare bayi kafin a kai su ƙetare, kuskuren shi ne a bar su sai ƙarshe a shiga a gaje ana hamma. Na Elmina Turawan Fotugal ne suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila a 1872. Na Cape Coast nan ne Obama ya zo a 2009. Za a shigar da ku kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda ake cusa ɗaruruwan mutane, a na Cape Coast a nuna muku cocin da aka yi a saman kurkukun maza, a kai ku ƙofar da in an fita ba a dawowa. Na taɓa kai wasu samari, ɗan rakiya na bayani su suna can baya suna bidiyon TikTok suna dariya, ga wata baƙar fata daga Amurka a gefe tana kuka, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma kar wani ya ce ba tarihinmu ba ne, da yawa daga waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka koro su, ta kasuwanni irin na Salaga, wadda fataken goro na ƙasar Hausa suka sani sarai. A hanyar Kumasi akwai Assin Manso, rafin da ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Gida ɗaya a rana ya isa, ni na fi kai mutane Elmina.

Sauran ƙanana ne. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, a zo da shi daga gida. A riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu, kuma baƙo ya san kuɗin shigarsa ya fi na ɗan ƙasa, kar a tsaya musu a bakin ƙofa. In tasi ka ɗauka zuwa Kakum ku daidaita har da jira da dawowa kafin ka shiga. Gyazbin da ake ɗagawa a bakin titi ba ka san wa ya yanka ba, farin ruwan nan na cikin gora kuma bammi ne, na taɓa ƙwace shi daga hannun wani malami har ya kai baki. Ka ci dokunun Fante, wani tuwon masara ne da ake dafawa cikin ganye, da soyayyen kifi da yajin nan nasu shito, ko ka tambayi zango wajen kasuwar Kotokuraba, akwai masallaci akwai tuwo. In kuma don ganin jiragen masunta suna shigowa da kifi za ka Elmina, kar ka je ranar Talata, ba sa fita teku ranar.