Yadda ake shirya ƙaramin jirgin sama don tseren Air Race Classic

Tun 1977 ake yin wannan tsere a Amurka, a watan Yuni, kuma mata matuƙa ne kaɗai ke shiga, aƙalla biyu a kowane jirgi. Tafiyar ta kai kimanin mil 2,400, an yanka ta zango-zango, a gama cikin kwana 4, da rana kawai, ba a kutsawa cikin gajimare.

Ku fara da fahimtar lissafin maki. Kafin tsere ana gwada kowane jirgi a buɗe masa totur har ƙarshe, a rubuta iyakar gudunsa. Abin da kuka ɗora a kan wannan adadi shi ne makinku. Jirgin da aka auna a mil 130 a awa, ya yi 145, ya doke wanda aka auna a 180 ya yi 190. Don haka iska ce jarinku, ba girman inji ba.

Sai jirgin kansa. Mu ɗauki Cessna 172S. Ku kai shi wurin makanike tun da sauran makonni, kada a bari sai ana gobe tashi, domin gyaran da aka yi a ƙurarren lokaci shi ke tsiyaya a sama. A tabbatar binciken shekara-shekara bai ƙare ba, a canza baƙin mai da matatarsa, a duba filogi, farfela da birki. A kula da robobin da ke tilasta iska ta bi ta kan silinda. Idan suka yage ko suka lanƙwashe, iska ta sulale ta gefe, inji ya ɗau zafi. Zafin baƙin mai kada ya taɓa 245 a ma'aunin Faranhait.

Mai ne ke yaudarar mutane. Tankunan wannan jirgi na ba da galan 53 mai amfani. A tafiyar yau da kullum yana shan kusan galan 9 a awa, shi ya sa matuƙa suka saba ganin sun daɗe a sama. A tsere kuwa, totur a buɗe, ƙasa-ƙasa, zai iya haura galan 13, wato awa 4 ma da kyar. Dokar Amurka ta ce a tashi da rarar minti 30 a tafiyar rana, amma wannan ya yi kaɗan, ku ajiye na awa guda. Ku yi gwaji da kanku: cika tanki, yi awa ɗaya da gudun tsere, sauka, sake cikawa, ku ga abin da ya sha. Kowace safiya a zuƙo mai daga ƙasan tanki a kofin gwaji. Shuɗi ne, in akwai ruwa za ku gan shi kwance a gindin kofin.

Nauyin tashi kada ya wuce kilo 1,157, kuma kowane galan kusan kilo 2.7 ne. Jaka ɗaya ƙarama kowa, sai ruwan sha mai yawa.

Zaɓen tsayi shi ne inda ake cin tsere ko a faɗi. Hasashen iskar sama na zuwa ne a ƙafa 3,000, 6,000, 9,000 da sama. Hawa na cin lokaci, inji kuma na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000. Kada ku hau sai iskar da za ta tura ku a can ta biya wannan asara. In iska na gabanku, ku yi tafiya ƙasa-ƙasa. Matuƙin da ya wuce minti 30 sama da ƙafa 12,500 dole ya shaƙi iskar oksijin.

Zaman da kuka yi a ƙasa tsakanin zango ba ya shiga lissafi, muddin kun isa kafin wa'adi. Wani lokaci jiran gobe ya fi tashin yau riba. Hadarin tsawa kuwa a ba shi tazarar mil 20, ba a ciniki da shi.

A kowane zango ana ratsa layin ɗaukar lokaci ƙasa-ƙasa da cikakken gudu, jirage na biye da juna. Ku haddace tsarin kowane fili tun a gida, ku raba aiki: ɗaya ta riƙe tuƙi, ɗaya rediyo, taswira da leƙen sauran jirage. Bayan an ratsa layin, a rage totur sannu a hankali har inji ya huce, sannan a shiga layin sauka.