Yadda Za a Tafiyar da Dogon Hutun Yara a Cikin Damina

A yawancin jihohin arewacin Nijeriya dogon hutun makaranta yakan fara ne daga ƙarshen watan Yuli ya kai cikin Satumba, wato yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da ruwan Agusta yake hana fita, kududdufai suka cika, sauro kuma ya yi yawa. Da zarar an rufe makaranta iyaye da yawa sukan shiga neman inda za su biya kuɗin lesin, domin kada yara su wuni suna faɗa ko suna rububin waya. Lesin yana da amfani ga wanda jarrabawa take gabansa, amma yaron da ya shafe zango uku a kan benci ya fi bukatar aikin da zai taɓa da hannunsa. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne a ba kowane yaro amana guda ɗaya tun ranar farko, wadda za ta ɗauke shi har ƙarshen hutu, kuma wadda idan ya yi sakaci da ita kowa a gidan zai gani.

Amanar da ta fi sauƙin samu a wannan lokaci ita ce shuka, kuma ba sai da gona ba. A samo tsohon buhun shinkafa ko bokitin da ya fashe, a huhhuda gindinsa domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, sannan a cika shi da ƙasa kashi biyu da busasshen takin awaki kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona shuka, saboda haka a nemi wanda ya daɗe a ajiye. Wajen zaɓen iri a yi la'akari da tsawon hutun. Alayyafo yakan isa yanka a cikin wata guda ko ɗan fiye da haka, don haka shi ya dace da ƙananan yara waɗanda ba su da haƙurin jira. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da ɗan yashi kafin a yayyafa, in ba haka ba zai fito a cunkushe wuri ɗaya. Wake yana tsirowa a cikin 'yan kwanaki. Kuɓewa takan kai kusan wata biyu kafin ta fara 'ya'ya, kuma tana saurin fitowa idan an jiƙa irin ya kwana a ruwa. Gyaɗa ba za ta nuna kafin a koma makaranta ba, domin tana bukatar wata uku ko huɗu, amma ina ganin ta cancanci buhu guda, saboda yaro ya ga da idonsa yadda furenta yake bushewa ya miƙa tsinke ya soki ƙasa, 'ya'yan kuma su yi girma a can ƙarƙashi.

Karatun yana shigowa ne ta hanyar littafin rubutu. A ba yaro ragowar littafin da bai cika ba a zangon da ya wuce, ya rubuta ranar shuka da ranar da tsiro ya fito, kuma kowace Juma'a ya ɗauki rula ya auna tsawon shukar ya rubuta. Wanda ya kai aji huɗu ko biyar na firamare zai iya cire awon makon jiya daga na wannan mako ya faɗi santimita nawa ta ƙaru. A yanke kan gorar ruwa ta roba a kafa ta a fili, bayan kowane ruwan sama a auna abin da ya taru a rubuta, sannan a zubar da shi nan take, domin ruwan da ya kwanta mako guda ya isa sauro ya hayayyafa a ciki. Akuya ita ce babbar abokiyar gaba. A gidanmu an taɓa wayar gari an tarar ta aske buhun alayyafo tas, mai shi ya yi kuka har ya gaji, amma da yamma shi da kansa ya nemo tsohon gidan sauro da sanduna huɗu ya kewaye wurin, kuma ban sake tuna masa rufe ƙofa ba har hutun ya ƙare.

Inda ake da kaji, kaza mai kwanci ma amana ce mai kyau. Kwana 21 take yi kafin ta ƙyanƙyashe, sai yaro ya zana layi 21 a bayan littafinsa yana soke ɗaya kowace safiya, yana kuma kula da ruwanta da tsabarta. Damina ce lokacin da zabi suke yin ƙwai, kuma mutanen karkara sun daɗe suna sa wa kaza ƙwan zabo ta kwanta a kai. Shi yakan kai kusan mako huɗu, bambancin da yaro zai so ya san dalilinsa.

Ga 'yan shekara goma sha biyu zuwa sama, hutun ya isa a ɗanɗana sana'a. A yi magana da tela ko kafinta ko mai gyaran waya na unguwa wanda aka san halinsa, a tsayar da sa'o'in zuwa da na dawowa, uba ko kawu kuma ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Wannan daban yake da ɗora wa yarinya farantin talla ta shiga tasha. Girki kuwa a koya wa maza da mata baki ɗaya, a bar su su auna gari da gwangwani, su lissafa mudu nawa gidan yake ci a mako. Ranar cefane a rubuta wa yaro abubuwan da za a saya, a bar shi ya yi cinikin da bakinsa alhali babba yana tsaye a gefe, in an dawo gida ya kawo lissafin canji a rubuce.

Lokacin da na fi ba muhimmanci shi ne bayan sallar isha'i, musamman daren da aka ɗauke wuta kuma ruwa yana sauka a kan kwano. A nan ne tatsuniya take da gurbi. Babba ya buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta," a bi Gizo da Ƙoƙi har a kai "Ƙurunƙus." Washegari kuma a juya abin, yaro ya maimaita tatsuniyar da bakinsa, wanda ya iya rubutu ya rubuta ta da Hausa yana kula da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, domin yara da yawa suna gama firamare ba su bambanta "kafa" da "ƙafa" a takarda ba. Idan akwai tsoho a gidan ko a maƙwabta, a tura yara da littafi su yi gaisuwa su durƙusa su ce, "Kaka, muna so ki ba mu labarin lokacin da kike yarinya." Tsofaffi da yawa ba su riƙe shekarar haihuwarsu da lamba ba, da abin da ya faru suke tunawa. Wadda ta ce an yi mata aure shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, to 1973 take nufi; wanda ya ce yana saurayi aka mayar da tuƙin mota hannun dama, 1972 ke nan. Daga nan sai yaro ya zauna ya ƙiyasta shekarun kakarsa, ya zana sunayen iyaye da kakanni da goggonni da baffanni a takarda ɗaya, ya gane ta inda ya haɗu da 'yan uwan da yake ganinsu sai ranar biki.

Da rana idan ruwa ya tsare kowa a zaure, a haƙa gurabun dara talatin, layi biyar gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya da tsakuwa ɗaya da kara. Wasan yana koyar da hangen abin da abokin karawa zai yi kafin ya yi shi. Langa da carafke sai ƙasa ta sha iska. Wanka a kududdufi kuwa a hana shi da babbar murya, a kuma gaya wa maƙwabta su taya sa ido, domin ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna da zurfin da ba a gani daga sama.

Fita guda ɗaya ta isa a hutu, in dai an shirya ta. Na Kano suna da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da Dutsen Dala, na Katsina suna da hasumiyar Gobarau, na Daura kuma rijiyar Kusugu. Kafin a tafi kowane yaro ya rubuta tambayoyi uku da zai yi wa mai kula da wurin.

Duk wannan a tsara shi a gefen Islamiyya ko makarantar allo, kada a bari ya ci lokacinsu, waya kuma a ajiye mata sa'a sananniya bayan an duba shuka an rubuta abin da aka gani. A makon ƙarshe a dawo da lokacin barci irin na makaranta, a yanki alayyafon a yi miya da shi a faɗa wa kowa a kan tabarma buhun wane ne, sannan a zauna a raba wanda zai riƙa duba kuɓewa da gyaɗa da safe kafin a tafi makaranta, tunda ruwa zai fara ja baya tun ba su gama ba.